Kurmin Gonar Mista Karl

Mutumin farko da ya yi mini Hausa a Amurka shi ne ya tafi da akwatina.

A filin jirgin Atlanta ne, da la'asar. Na fito ina jan kaya, idona ya yi ja don rashin barci, sai na ji an ce, "Malam Isufu, sannu da hanya!" Sunansa Ture, ko dai haka ya ce mini. Wani abokin aikina a buro, wato ofishin gona na Agiye, ne ya ba ni lambarsa, shi ma a hannun wani ya samo ta. Hausarsa ta kasuwa ce, amma a ranar ta yi mini daɗi kamar muryar ɗan uwana. Ya zaunar da ni, ya kawo mini shayi, ya tambayi iyali. Na gaya masa na zo ne koyon aikin irin wake na shekara ɗaya, a wata jami'a da ke wani ƙaramin gari a kudu.

Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Shawara ɗaya zan ba ka. Baƙaƙen ƙasar nan, kada ka shiga sabgarsu. Fatarmu ɗaya, amma ba halinmu ɗaya ba. Ka gaishe su, ka wuce."

Na ce na gode. Ya ce bari ya kai akwatin mota ya juyo ya ɗauke ni a bakin ƙofa. Na zauna ina kallon ƙofar nan har shayin ya huce. Salularsa a kashe. A cikin akwatin akwai manyan riguna biyu, da rigar sanyi, da kilishi, da garin kuka da yajin da matata Sa'a ta kwana biyu tana daka mini. Allah ya taimake ni takarduna suna cikin ƙaramar jakar da na rataya.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, na tabbatar Ture ɓarawo ne, amma shawararsa na riƙe ta da hannu biyu.

Wata mata mai shara ce ta ga na daɗe a wuri ɗaya. Baƙa ce, mai jiki. Turancina a lokacin na takarda ne, don mu da Faransanci muka yi lakol, wato makaranta, ita kuwa maganarta kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Da ta ga ba mu fahimtar juna, ta jingina tsintsiyarta, ta kama hannun rigata ta kai ni har inda ake shiga jirgin ƙasa, ta rubuta mini sunan tashar bas a bayan hannuna. Na gode mata, na kuma ƙara riƙe jakata da kyau.

Washegari bas ya yi ta tafiya da mu kudu. Na ga gonakin auduga farare fat, ba iyaka, ba kuma mutum ko ɗaya a ciki, sai wata ƙatuwar na'ura tana tafiya ita kaɗai. A garinmu Cadawa in gona ta kai rabin haka, gari guda za a gayyata. Na yi ta neman inuwar da mutane ke zama, ban gani ba.

A jami'a aka ce ɗakunan ɗalibai sun cika, amma akwai wata tsohuwa a bakin gari da ke ba baƙi ɗaki a bayan gidanta. Madam Loreta ke nan. Ta haura shekara saba'in, doguwa, baƙa wuluk kamar gwaggona, ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ina kayana. Na ce an sace. Ta shiga ciki ta fito da wanduna biyu da wata rigar sanyi mai kauri ta marigayin.

Makonnin farko na bi shawarar Ture sak. In gaishe ta, in wuce. Ta aje mini abinci a ƙofa, in mayar da kwanon yadda yake, don ina tsoron naman alade kuma ban san yadda zan faɗa ba. Burodi da kifin gwangwani na yi ta ci har bakina ya yi ɗaci. In na kira gida, Sa'a ta ce, "Yaya abincin can?" in ce lafiya lau. Ina jin ƙarar turmi a bayanta, da kukan akuyar maƙwabta, sai in ce layin ba shi da kyau, in kashe kafin ta ji muryata ta sauya.

Wata Lahadi na dawo na tarar da Madam Loreta a baranda da tukunya a gabanta. Ta ce, "Zauna. Na tambayi wata malama a jami'a, ta gaya mini abin da ba ku ci. Wannan da naman talo-talo na dafa."

Ta buɗe. Wake ne, farin wake mai baƙin ido, irin wanda nake tafe dominsa, irin wanda uwata ke shukawa tsakanin gero. Da shinkafa, da wani ganye mai kama da rama. Na ci kwano biyu ban ɗaga kai ba. Ta ce kakanninsu ne suka san waken nan tun daga can wajenmu, kuma har yau ba gidan baƙar fata a kudu da bai san shi ba. Ta ce, "Mu baƙaƙe ba mu yar da shi ba."

Ni kuma da cikina ya cika, bakina ya buɗe. Na ce, "Ai ni ba baƙar fata ba ne irin na nan. Ni Bahaushe ne."

Ba da mugun nufi na faɗa ba. A gida ba wanda ya taɓa kirana baƙi. Ana ce mini Bagobiri, ko ɗan gidan wane. Amma na ga fuskarta ta rufe kamar an ja labule. Ta ce, "To," ta ɗauke tukunyar.

Gonar gwajinmu tana cikin filin wani Bature, Mista Karl, wanda ya ba jami'a aron wani yanki. Mutum ne ja, mai faɗin kafaɗa, ya kusa sittin, kakanninsa ke noma wurin tun da daɗewa. Mun shaƙu da sauri, don manomi ko a ina yake maganarsa ɗaya ce: ruwa, tsutsa, da farashin taki. Yana son jin yadda muke adana wake a buhu mai leda biyu ba tare da magani ba. Ni kuma ya koya mini tuƙa tarakta, yana dariya in na karkace layi.

A tsakiyar babban filinsa akwai wani ɗan kurmi, bishiyoyi manya da sarƙaƙiya, tarakta na kewaye shi. Nan nake zuwa sallar azahar saboda inuwa. Ranar nan na idar ina zaune, sai na lura ƙasar ta lotsa wuri-wuri, dogo-dogo, a jere, kuma a kan wasu akwai dutse a kafe ba rubutu. Wanda ya taɓa bin gawa a ƙauyenmu ba ya bukatar a gaya masa. Na miƙe da sauri na naɗe dardumata.

Na tambayi Mista Karl. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wai tsofaffin kaburbura ne. Ba wanda ya san na wa ne. Ba su cikin wata takarda." Ya ce baɗi zai kafa injin ban-ruwa mai zagaye, kuma kurmin nan ne ya tare hanya. Shekara biyu fari na cinsa, in bai sa injin ba gonar za ta fita hannunsa. Na san fari, don haka na tausaya masa.

Gonar tana da nisan tafiyar awa ɗaya a ƙasa, ni kuwa ba mota. Wata safiya ina tafe a gefen titi, sanye da rigar marigayi, sai motar ƴan sanda ta tsaya a bayana. Ashe wani ya kira ya ce ya ga baƙo yana kallon gidaje. Ɗan sandan ya fito yana magana da sauri. Ni kuma na yi abin da na saba yi in jandarma ya tare mu a shinge: na yi murmushi, na nufe shi, na cusa hannu cikin aljihu in ciro takarda.

Tsawar da ya yi har yau tana kunnena. Na ga bakin bindiga. Na tsinci kalmar "ƙasa" a maganarsa, na kwanta, kumatuna a kan tsakuwa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ƴata Nana ce ta faɗo mini a rai, lokacin ba ta fara tafiya ba. Ana haka motar Mista Karl ta iso. Ya leƙo ta taga ya kira ɗan sandan da sunansa, ya ce, "Yarona ne, a gonata yake aiki." Shi ke nan. Aka ɗaga ni, aka kaɗe mini riga, har da ba ni haƙuri.

Da yamma na ba Madam Loreta labari ina ɗan dariya, don in nuna ba komai. Ita ba ta yi dariya ba. Ta nemi kujera ta zauna.

Ta ce, "Ya tambaye ka ko kai Bahaushe ne?"

Na daina dariya.

"Zo nan." Ta sa na tsaya a gabanta kamar ɗan aji ɗaya. Ta nuna mini yadda zan buɗe tafin hannu, yadda zan tsaya cak, yadda zan nemi izini kafin in taɓa aljihu. Ta sa na maimaita sau uku. Ta ce haka ta koya wa ɗanta, haka uwarta ta koya wa yayyenta. Sannan ta ce, "Kuma kai magidanci ne mai iyali. Ba yaron kowa ba ne."

A ranar na nemi gafararta kan maganar da na yi. Ta kaɗa hannu ta ce in je in wanke fuskata. Da na dawo na gaya mata abin da na gani a kurmi. Ta ce ta sani. Tana yarinya kakarta na kai ta can su share kaburbura sau ɗaya a shekara, kafin a kafa waya a hana shiga. Mutanen da ke kwance a wurin bayi ne da suka yi noman auduga a gonar, da ƴaƴansu. Ta ce saboda kurmin ne ma aka fara wani zama a ɗakin karatu na gari, duk ranar Asabar da hantsi, baƙaƙe da Turawa, a yi magana kan abin da ya wuce da abin da ake ciki. Ta ce in zo.

Na ce, "Ni baƙo ne, me zan ce?"

"Ba a ce ka ce komai ba. Ka zo ka ji."

Mun kai mu talatin a zaman, an jera kujeru a da'ira. Matar da ke kula da ɗakin karatun ce ke jagora, kuma ƙa'idarta ɗaya: akwai wani ludayin katako, wanda ke riƙe da shi kaɗai ke magana. Na yi tsammanin zaman sulhu ne irin namu, a kira dattawa, a ce kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha. Ba haka ba ne. Nan kowa ciwonsa yake buɗewa a gaban jama'a. Wani tsoho ya faɗi yadda yana yaro ba ya shiga ɗakin karatun nan da muke zaune ciki, sai dai ya tsaya ta taga. Madam Loreta ta faɗi ranar da aka fara haɗa su lakol ɗaya da ƴaƴan Turawa, yadda ta wuni ba wanda ya zauna kusa da ita. Wata Baturiya ta ce ita ma tana ajin, tana tuna ranar, kuma uwarta ce ta hana ta. Ta fashe da kuka. Ba wanda ya rarrashe ta, aka bar ta ta gama.

Mista Karl yana zuwa, amma kusa da ƙofa yake zama, hularsa a gwiwa. Da ludayi ya iso gare shi ya ce, "Ni ban taɓa mallakar kowa ba. Ubana ma haka. Gona nake so in ceta." Wani ƙato mai suna Darnel, ɗan ƙanen Madam Loreta, direban babbar mota, ya tashi ya fita ya bugo ƙofa.

A Asabar ta uku jagorar ta ce kowa ya ambaci kakanninsa iyakar inda ya sani. Mista Karl ya lissafa har zuwa wanda ya tsallako teku. Madam Loreta ta ambaci uwarta, da kakarta, da uwar kakarta, sai ta tsaya. Ta ce daga nan ba ta da komai, ko suna. Da aka miƙo mini ludayi na ji daɗi, don wannan fagena ne. Na ce ni Isufu ɗan Idi, ɗan Maidabo, ɗan Jika, na ci gaba har bakwai, na ce asalinmu Gobirawan wajen Tibiri ne, mahaya dawaki, mayaƙa.

Darnel ya miƙo hannu, na ba shi ludayin. Ya dube ni ido cikin ido.

"Mayaƙan nan naku, in sun ci gari, me suke yi da mutanen?"

Na ce wannan tsohon zance ne, kuma namu ba irin na nan ba ne, a wajenmu bawa kamar ɗan gida yake. Ina rufe baki na ji maganata ta yi kama da ta Mista Karl. Darnel ya yi wani murmushi mara daɗi ya aje ludayin.

A hanyar gida suna ɗaya ke yawo a kaina: Kaka Tabawa. Ban riske ta ba, amma na tashi ina jin sunanta. Ita ta goyi babana. Kullum ana cewa "Tabawa ta gidanmu," kuma akwai wasu mutane a ƙauyen Gidan Sori da ake cewa jikokinta ne, suna zuwa mana suna da biki, su yi ta aiki a bayan gida. Ban taɓa tambayar yadda muke da su ba. Ina jin na sani, shi ya sa ban tambaya ba.

Washegari da safe na kira uwata, Inna. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, Kaka Tabawa, ƴar wa ce?"

Ta ce, "Kai kuma mi ya kai ka nan? Lahiya?"

"Lafiya lau. So nake in sani."

Ta ja numfashi. Ta ce kakan babana ne ya zo da ita daga yaƙi can kudu, tana yarinya ƙarama, haƙoranta ba su gama fita ba. Ba ta jin Hausa. Sunan Tabawa ma a gidan aka sa mata. Da aka hana bauta ba ta san inda za ta koma ba, ta zauna, aka aurar da ita ga wani irinta. Inna ta ce ta riske ta da tsufa, in tana surfe takan yi wata waƙa da harshen da ba wanda ya sani, in an matso sai ta yi shiru.

Na ce, "To jikokinta fa? Me ya sa ba mu aure da su?"

"Isuhu, haka munka taras."

"A ina aka binne ta?"

"Bayan gari, ta wajen tsohuwar rijiya." Sannan ta ƙara da cewa, "Wurin ya zama gona yanzu."

Mako guda ina jujjuya zancen. Ina iya yin shiru, ba wanda zai sani. Watanni kaɗan suka rage mini, kuma in na faɗa, wataƙila in rasa gidan da nake ci nake sha. Ranar Asabar dai na nemi ludayi tun kafin layi ya zo kaina. Na rubuta abin da zan ce a kaye, ɗan littafin rubutuna, don kada Turanci ya gudu ya bar ni, amma ban duba ba. Na ce makon jiya na yi ƙarya. Na ba su labarin Tabawa kamar yadda Inna ta ba ni, har da gonar da ke kanta. Na ce na lissafa kakanni bakwai ina taƙama, na tsallake matar da ta goyi ubana, kuma ko sunanta na gaskiya ban sani ba. Na juya wajen Darnel na ce, "Ka tambaye ni me suke yi da mutanen. Abin da suke yi ke nan."

Na zauna ban iya kallon kowa ba. Can na ji hannu a gwiwata. Madam Loreta ce. Ba ta dube ni ba, gaba take kallo, amma ba ta ɗauke hannun ba.

Darnel ya karɓi ludayi ya daɗe yana juya shi. Ya ce, "Ban ji daɗin abin da ka faɗa ba. Amma kai ne na farko da ya amsa mini." Sannan ya tashi, ya ratsa da'irar, ya miƙa wa Mista Karl.

Mista Karl ya riƙe ludayin kamar garwashi. Ya ce shi ba shi da magana yau. Ya sa hularsa ya fita.

Ranar Litinin a gona bai yi mini wasa ba, ni ma ban yi ba. Haka muka yi kwana uku. Ranar Alhamis ya kira ni cikin motarsa, ya ɗauko wani tsohon littafin addininsu naɗe a tawul. A shafukan baya an rubuta haihuwa da mutuwar ƴan gidansu. A shafi na ƙarshe kuma, da wani rubutu daban, akwai jerin sunaye guda-guda, ba sunan uba. Ya ce tun yana saurayi ya san shafin nan.

"Na ce maka ba su cikin wata takarda," in ji shi. Ya kalli sitiyari. "Kana ganin in kai mata?"

Na ce, "Mista Karl, ni ma sai makon jiya na buɗe namu. Amma in ka kai, zan raka ka."

Da la'asar muka je. Ya tsaya a ƙasan baranda, ya cire hula, ya miƙa mata. Ta sa tabarau ta bi sunayen da yatsa a hankali. A wajen na tara yatsan ya tsaya. Ta ce, "Sila." Kakarta ta sha ce mata in ta haifi mace ta sa mata Sila, ba ta taɓa faɗin dalili ba. Ba wanda zai iya rantsewa ita ce. Madam Loreta ta rufe littafin ta rungume shi, ta ce masa, "Hau ka zauna, Karl. Akwai shayi mai sanyi."

Maganar kurmi ba ta ƙare a ranar ba. An yi Asabar da yawa ana ja, wata rana har da ihu. A ƙarshe Mista Karl ya yarda a karkatar da injin ya yi rabin zagaye, ya haƙura da wani yanki na filin, mutanen cocin su Madam Loreta kuma suka ɗauki nauyin shinge da ƴar hanyar shiga. Ba kowa ya gamsu ba. Darnel yana ganin kamata ya yi a mallaka musu wurin gaba ɗaya, wasu maƙwabtan Mista Karl kuma suka daina gaishe shi.

Ranar sharar kurmi mun fi hamsin. Na ga suna fama da wasu ƙananan almakasai, na ce a ba ni adda. Ni da Darnel muka sa sarƙaƙiyar a gaba, yana sara yana haki, yana cewa ashe mutanen Afirka ba su gajiya. Na ce masa ya zo Cadawa lokacin noman farko ya ga masu aiki, ni ma'aikacin buro ne. Mista Karl ya kwashe rassan da tarakta. Da aka gama suka yi waƙoƙinsu a tsaye, Madam Loreta ta karanta sunayen shafin nan ɗaya bayan ɗaya. Ni na koma gefe na ɗaga hannu na yi tawa addu'ar, don wa ya sani ko a cikinsu akwai wanda uwarsa ta yi masa huɗuba da irin sunanmu.

Sauran watannin sun yi mini daɗi. Wakenmu ya yi kyau. Na koya wa Madam Loreta ƙosai, ta ce ya fi ƙarfin haƙoranta amma ba ta bar ko ɗaya ba. Darnel ya kai ni har filin jirgi da kansa, ya riƙe sabon akwatina har bakin awo.

Na yi mako biyu a gida, baƙi sun ɗauke ƙafa, sannan na hau babur na nufi Gidan Sori. Inna ta ce, "Mi za ka ce musu?" Na ce ban sani ba tukuna. Na nemi gidan Baba Hajo, ita ce babba a jikokin Tabawa da suka rage. Na same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, idonta ya fara rauni. Da ta ji ko ni wane ne ta yunƙura za ta ba ni tabarmar ta koma ƙasa. Na riga ta zama a ƙasan.

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ta ce ko wani aiki ne ya taso a gida. Na ce a'a, tambaya na zo yi. Na ce, "Baba, Kaka Tabawa ta taɓa gaya miki sunan da uwarta ke kiranta da shi?"

Hannunta ya tsaya a cikin kwarya. Ta daɗe tana kallon inda muryata ke fitowa.

"Na tsuhwa haka, ba wanda ya taɓa tambayata wannan daga gidanku."

Na sunkuyar da kai. Ta ce in matso. Ta faɗa mini a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe: "Kasham." Ta ce ita kaɗai ta gaya wa, suna ɗebo ruwa, ta kuma ce kada ta manta.

Na nemi izininta in gaya wa wata tsohuwa a Amurka, na ba ta labarinta a taƙaice. Ta ce in gaya mata. Na aika da murya ta salula. Muna nan zaune, an kawo mini fura, sai ga amsa. Na ƙara sauti na kanga mata a kunne. Madam Loreta ta gaishe ta, na fassara, sannan ta yi ƙoƙarin faɗin sunan, ta ja shi ta lanƙwasa irin tasu.

Baba Hajo ta ƙyalƙyale da dariya har gyaɗar ta zube.

"Ba haka ba ne! Danna mini abin nan, in hwaɗa mata da kaina."